16 ga Afrilu, da Ranakun da Ba Mu Rubuta Ba

Jikokina, na gida da na Yamai da waɗanda cin rani ya kai Sakkwato da Kwatano: Bazara ta kankama a Matankari. Magidanta sun gama sassabe suna duban gabas, mu tsofaffi kuwa aikinmu bai wuce bin inuwar dogon-yaro da rediyo a kunne ba. Gidajen rediyo da dama suna da ɗan shirin nan da ake jero abubuwan da suka faru a rana irin ta yau: wane ya zo duniya, wane ya bar ta, an ci gari kaza, an ƙera abu kaza. Na ga ku ma kuna tura wa junanku irinsa ta waya. Ba na ƙin abin, sani ne, sani kuwa ba ya yawa. Ina dai so in ɗauki rana guda, 16 ga Afrilu, mu dube ta tare daga nan ƙofar gidanmu.

In mai shirin ya zo kan wannan rana, zai gaya muku a cikinta aka haifi Charlie Chaplin a Landan a 1889, ɗan wasan ban dariyar nan mai guntun gashin baki da sanda da manyan takalma. Zai ƙara da Wilbur Wright, 1867, ɗaya daga cikin wa da ƙanen da suka fara tashi da jirgin sama mai inji a Amurka a 1903. In mai zurfafawa ne ya ce ranar ce a 1988 aka kashe Abu Jihad, na hannun daman Yasir Arafat, cikin gidansa a Tunis. Duk gaskiya ne. Amma da wuya ku ji ya ambaci Lugu, ga ta nan kusa da mu, tafiyar da ɗan kabu-kabu ke yi ya dawo kafin azahar.

Tun kafin ayarin da zan ba ku labarinsa ya taso, an riga an raba mu a takarda. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniya a Paris, suka ja iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri, kwarin nan da muke noman rani a cikinsa, har ta haɗu da wata da'ira mai nisan mil 100 da suka zana kewaye da Sakkwato. Ba a tambayi Sarkin Arewa ba, ba a tambayi Bauran Bagaji ba. Faransa kuwa idonta na kan tafkin Cadi, sai ta tura ayarin soja ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine. A watan Janairun 1899 suka baro bakin kogin Kwara, bayan sun yi wa mutanen Sansane Hausa kisan gilla, fiye da mutum 100. Ayarin ya haura mutum dubu nesa ba kusa ba: ga soja, ga ƴan dakon da aka kamo da ƙarfi, ga matan da aka kwaso, ga garken shanun ganima. Ku da kuka san Dallol da rani, ku auna ruwan da irin wannan taro zai sha a yini da hatsin da zai ci. Duk garin da suka sauka sai rumbunansa sun koma wayam, wanda ya yi gardama a cinna masa wuta. Haka suka hauro har suka iso nan Matankari. Garuruwa da yawa sun ga bakin bindiga sun buɗe ƙofa, ni kuma ban taɓa zarginsu ba. Mai iyali in ya auna ya ga faɗa ba riba ya sauke kai, ba ragwanci ya yi ba.

Lugu ba ta buɗe ba. Can ne mazaunin Sarauniya, uwar Gubawa, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar nan, tun kafin Ari ɗan Sarkin Barno ya zo ya auri ƴar Baura a haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa, kamar yadda maroƙanmu ke faɗa. Wadda ke riƙe da sarautar a lokacin ita ce Sarauniya Mangu. Ranar Lahadi 16 ga Afrilu 1899 da safe Voulet ya dira a kansu. Mutanen Lugu da na maƙwabta suka tare shi da baka da kibiya mai dafi. Da ruwan harsashi ya yi yawa sai suka ja cikin surƙuƙin daji inda doki ba ya shiga, dole sojan bature suka bi su da ƙafa, a nan kuwa kibiya ta fi bindiga sanin hanya. Lissafin Faransawan da kansu ya nuna an kashe musu soja 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000. Tun da suka baro kogi ba su gamu da turjiya irin wannan ba. Garin dai an ci shi, amma Sarauniya ba ta shiga hannu ba, bayan ƙura ta lafa kuma mutane suka dawo suka sake zama. Har gobe akwai Sarauniya a Lugu.

Daga nan ayarin ya nufi Birnin Ƙonni, ya yi mata a watan Mayu kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ta'asar ya kai Paris ta wasiƙar wani hafsa da ya bar ayarin, aka turo Laftanar-Kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Ya cim musu a Dankori, ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Ranar kuwa 14 ga Yuli ce, ranar da Faransa ke bikin juyin-juya-halin 1789, wanda ta ce shi ya kawo wa ɗan Adam ƴanci da daidaito. In kuna neman abu biyu da suka haɗa rana suna hararar juna, to ga su nan. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu baƙaƙe suka juya musu, suka kashe Chanoine ran 16, Voulet ran 17. Kaburburansu na Maijirgi, bakin hanyar Damagaram.

Yanzu ku tambayi kanku: ta yaya muka san 16 ga Afrilu ce aka yi yaƙin Lugu? Mun sani ne saboda wanda ya zo ƙone mu yana tafe da alƙalami, kullum dare sai ya rubuta inda ya kwana da abin da ya aikata. Ya ƙidaya matattunsa, ya ƙidaya harsashinsa. Sunayen mutanen Lugu da suka faɗi ranar ba su shiga takardarsa ba, ba su ne damuwarsa ba. Kakanninmu sun riƙe labarin da ka, sun riƙe kirari da jaruntaka, amma rana da shekara sun zube a hanya. Sai bayan shekara 81, a 1980, Abdullahi Mamani ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari a kan Sarauniya, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Allah ya saka musu, sun fitar da sunan Mangu duniya. Sai dai mai ƙaga labari yana da ƴancin ƙara gishiri, kuma ya ƙara. Na sha jin yaro ɗan Arewa yana ba da labarin fim da sunan tarihin kakanninsa, alhali tsofaffin Lugu na nan da ransu bai taɓa zuwa gaishe su ba.

Shekara 18 bayan Lugu, wata 16 ga Afrilun ta sake cin ƴaƴan Afirka, wannan karo a ƙasar Faransa. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar Litinin 16 ga Afrilu 1917, Janar Nivelle ya tura rundunarsa ta hau wani tudu da ake kira Chemin des Dames inda Jamusawa suka kafa bindigogi masu aman wuta. Cikin waɗanda aka sa gaba akwai dubban sojan baƙar fata da aka kwaso daga ƙasashenmu, waɗanda Faransa ke kira ƴan Senegal ko daga ina aka kamo su. Ana sanyi da ƙanƙara, hannuwan wasu sun daskare har riƙe bindiga ya gagare su. Dubbai suka mutu ko suka jikkata cikin ƴan kwanaki. Blaise Diagne, baƙar fatan da ke wakiltar Senegal a majalisar Faransa, ya tashi ya yi tir da yadda aka yi da su. Ƙasar da ta ƙone garuruwan iyaye ita ce ta ɗebi ƴaƴan su je su kare nata garuruwan.

Ta uku kuwa da kunnena na ji ta. Ranar Juma'a 16 ga Afrilu 1993 muka kewaye rediyo muna sauraron Muryar Sahel, aka rantsar da Mahamman Usman, mutumin Damagaram, ya karɓi mulki daga hannun Janar Ali Shaibu. Shi ne shugaban Nijar na farko da ya hau ta zaɓen jam'iyyu da yawa, bayan Taron Ƙasa na 1991 da zagaye na biyu da ya kada Tanja Mamadu a watan Maris. Mutane sun yi murna, har waɗanda ba su zaɓe shi ba, don an ga ashe ana iya sauya shugaba da ƴar takarda ba a zubar da jini ba. Murnar ba ta yi tsawon rai ba. Ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara, ɗanmu ne, tushensa Dumega, ya kifar da gwamnatin. Shi ma ran Juma'a 9 ga Afrilu 1999 masu tsaron fadarsa suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai, saura mako guda yaƙin Lugu ya cika shekara 100. Kafin duk wannan, daren wayewar 15 ga Afrilu 1974 Saini Kunce ya hamɓarar da Jori Hamani, aka kashe uwargidansa Hajiya A'isha, wadda ita ma ƴar ƙasar Dogon Dutsi ce.

Da kun jera waɗannan sai shaiɗan ya fara raɗa muku cewa watan nan akwai wani abu a cikinsa. Mai son ƙara wa zancen nauyi zai tuna muku Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu ran 20 ga Afrilu 1817, Malam Aminu Kano ran 17 ga Afrilu 1983, shi Jori ɗin ma ran 23 ga Afrilu 1989 ya cika a Rabat. Na ji masu cewa Afrilu watan ɗaukar manya ne, na ji mai cewa ba zai ɗaura auren ƴarsa a cikinsa ba. Jikokina, kada ku bi wannan hanya. A cikin Afrilun nan ne, ran 24 ga wata a 1995, aka sa hannu kan sulhu da ƴan tawayen arewacin ƙasa, ranar da har yau ake hutu dominta. A cikinsa ne, ran 2 ga wata a 2021, zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki karo na farko a tarihin Nijar. Juyin mulki kuma bai zaɓi wata ba: an yi a Janairu, an yi ran 18 ga Fabrairu 2010, an yi ran 26 ga Yuli 2023.

Abin lissafi ne kawai. Kwanakin shekara 365 ne, abubuwan da suka faru tun da aka fara rubutu kuwa ba su ƙirguwa, dole kowace rana ta sami rabonta na haihuwa da mutuwa da yaƙi da sulhu. Masana lissafi sun tabbatar da cewa in mutum 23 suka taru, wato ƴan ƙwallo 22 da alƙalin wasa, ya fi yiwuwa a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya a kan a rasa. Ku gwada a ajinku ku gani. Mu ne muke tsintar abin da ya dace da tsoronmu mu bar saura.

Addininmu ma ya riga ya rufe wannan ƙofa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, sai aka yi husufin rana. Mutane suka ce rana ce ke jimamin yaron. Ga uba cikin baƙin ciki, ga magana mai daɗin ji wadda za ta ƙara masa girma a idon jama'a, amma ya tashi ya gyara musu: rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya kuma hana zagin zamani, ya hana camfa watan Safar. Duk da haka har yau akwai gidajen da ba a tafiya ranar Larabgana, Larabar ƙarshen watan na Safar. Ku dubi Ashura, 10 ga Muharram, da muke kira Cika-ciki. Ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, muna azumi don godiya. Ranar ce kuma a shekara ta 61 bayan Hijira aka kashe Husaini jikan Manzo a Karbala. Wa zai ce mana ranar ta sa'a ce ko ta tsiya?

Ga kuma wata tambaya ga mai camfi. Yaƙin Lugu ya faɗo ne cikin goman farko na watan Layya na shekarar 1316, saura ƴan kwanaki Salla. Shekarar Hijira ta gaza ta bature da wajen kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga sanyi zuwa bazara zuwa damina, sai bayan wajen shekara 33 ya dawo inda ya taso. To mugun abin a wace ranar ya maƙale, a Afrilu ko a Zulhajji? Manomin Arewa ma da nasa lissafin na uku, wanda ba ruwansa da su duka biyun: wata bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alamu.

Abin da ya kada Jori ba wata ba ne. Fari ne da ya ci dabbobi da gonaki shekaru a jere, da zargin karkatar da hatsin agaji alhali talaka na mutuwa. Abin da ya gabaci mutuwar Ba'are rikicin zaɓe ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanda ya ɗora wa wata laifi ya wanke masu laifi, ya kuma hana kansa koyon darasi. Ni a wurina kwanan wata turke ne: ba shi ne dabbar ba, amma in babu shi dabbar sai ta bi daji. Shi ke riƙe labari wuri ɗaya, ka san wanne ya riga wanne, ka san me ya haifi me.

A nan ne maganata take, don mu turakunmu kaɗan ne. In da za a tara katin ɗan ƙasa na dattawan Matankari a duba, ranar da ta fi kowace yawan masu haihuwa ita ce 1 ga Janairu. Ba don matan Arewa sun haɗa baki suna naƙuda ranar ba. A zamaninmu in an zo ɗaukar yara lakwal, dogari ke tattaro mu a ƙofar fada. Mushe, wato malamin lakwal, ya dube ka, ya ce ka ɗora hannun dama bisa kai ka taɓo kunnen hagu. In yatsunka suka kai, ka isa shiga aji. Ya buɗe bakinka ya ga ko ka fara famfara, sannan ya rubuta da Faransanci cewa an haife ka wajajen shekara kaza. Ɗan gajere ya sami ragin shekara biyu, dogo a ƙara masa. Da kwamfuta ta zo, ita kuma ba ta san wajajen ba, sai an cika mata gurbin rana da na wata, aka bi mu duka aka liƙa mana 1 ga Janairu. Abin bai tsaya kan talaka ba. Shugabanninmu biyu a jere, Mahamadu Isufu da Muhammad Bazum, duka 1 ga Janairu aka rubuta musu, ɗaya 1952 ɗaya 1960. Tanja kuwa shekara kaɗai ake ambata, 1938.

Kada ku ɗauka iyayenmu jahilan lokaci ne. Suna da nasu rajista, a jikin suna suke rubuta ta. Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, kowa na yawo da ranar haihuwarsa. Azumi da Tasalla sun gaya maka wata, Anaruwa da Marka da Nomau sun gaya maka lokacin shekara. Shekarun kuma da abin da ya faru ake kiransu: Kakalaba ta 1914, shekarar fara ta 1931, El-Buhari ta 1984 da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Tsohuwa za ta ce maka tana goyon wane aka yi yunwa kaza, in ka bi lissafinta da kyau da wuya ka same ta da kuskure. Illar wannan rajista ɗaya ce: tare da mai ita ake binne ta. Maroƙan fada za su jero maka sarakunan Arewa tun daga Akazama ba tuntuɓe, amma ka tambaye su shekarar da wane ya hau, sai a koma kintace. Da wani Bafaranshe mai bincike, Marc Piault, ya so rubuta tarihin Mawri, wato Arewarmu, wanda aka buga a 1970, bakin tsofaffin nan ya bi gari-gari. Tsofaffin da ya zauna da su yanzu ƙasa ta rufe musu ido.

Kada kuma wani ya ce muku rubuta kwanan wata al'adar nasara ce. Tun zamanin Sayyidina Umar aka kafa lissafin Hijira don wasiƙun mulki su daina rikicewa. Malaman Sakkwato sun rubuta ranar da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, nan ƙetaren iyaka, cikin Zulƙida 1218, wato Fabrairun 1804. Sun rubuta ranar rasuwarsa, 3 ga Jimada Akhir 1232, shi ya sa yau ake iya cewa 20 ga Afrilu ce. Malaman zaure da yawa kan rubuta haihuwar ƴaƴansu da ajami a gefen takarda su sa cikin gafaka. Wanda ya gaji irin wannan gafaka ya gaji dukiya.

Rashin rubutun nan ba tarihi kaɗai yake cuta ba. Na ga yaro mai ƙwazo ya kai ajin jarrabawa aka ce ya kawo takardar haihuwa, uban ya yi ta safa da marwa tsakanin gari da kotu a Dogon Dutsi, ga kuɗin mota, ga neman shaidu, abin da da an yi shi makon suna kyauta ne. Na ga wanda shekarun takarda suka hana shi shiga gasar ɗaukar aiki, na ga wanda aka yi wa ritaya da sauran ƙarfinsa. Allurar rigakafi da kwanaki ake bin ta, yaye da watanni, takaba wata huɗu da kwana goma. Yarinyar da ba a san shekarunta ba kuwa, da tsawonta ake yanke mata hukuncin ta isa aure, tsawo kuma ba shekaru ba ne. Na ga wasunku sun fara yanka kek ranar zagayowar haihuwa ana ɗaukar hoto. Ban ce komai ba, zamani riga ne. Ina dai mamakin mai bikin ranarsa da bai san shekarar da kakarsa ta rasu ba.

To ga abin da nake roƙonku, ba mai tsada ba ne. Kowane gida a sayi kaye, wato littafin rubutu, mai bango mai kauri, a ajiye shi cikin akwatin ƙarfe saboda gara. In an haihu a rubuta ranar mako, da kwanan watan Musulunci, da na bature, da sunan gari. In an yi rasuwa haka, in an ɗaura aure haka. Uban jariri kada ya bari ragon suna ya riga takarda: a shaida wa likita ko ofishin magajin gari kafin wa'adin da doka ta ɗiba ya wuce, ƴa mace kamar ɗa namiji. Manomanku su riƙa rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka, da ranar da ya ɗauke, da shekarar da fara ko tsutsa ta zo, da kuɗin tiyar hatsi a kaka da kuma a bazara. Bayan shekara goma kayen nan zai gaya muku abin da baƙon masani ba zai gaya muku ba game da gonarku. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya ku tura wa ƴan'uwa, in wuta ta ci na gida akwai na Yamai.

Ku masu karatu a Jami'ar Abdu Mumuni, naku ya fi haka. Wayar nan da kuke kallon wasan Hausa da ita tana ɗaukar murya. Ku je Lugu, ku je Bagaji, ku je Tibiri da Dumega da Kara-Kara, ku cire takalmi ku durƙusa ku gaida tsofaffi, ku kai ɗan goro, ku nemi izini kafin ku kunna. Abin da aka ce ba a faɗa wa baƙo kada ku matsa. Kafin tsoho ya fara magana ku fara faɗin ranar da ake ciki da sunan garin, don wanda zai saurara bayan shekara hamsin. Wanda ke da hanya da masu gidan rediyo kuma ya gaya musu, in 16 ga Afrilu ta zo su karanta Chaplin ɗinsu, amma su fara da Lugu.

Wanda zai zo gida Layya a cikinku ya taho da kayen da biro biyu. Da kakarku za a fara, ta fi ni riƙe lissafi, ta san wanda ya girmi wani a duk unguwar nan, kuma da hantsi ta fi sakin baki. Allah ya yi muku albarka, ya kawo mu damina lafiya.